Darasi: Furotin Masu Hana Tohon Jijiyoyin Jini da Yadda Suke Isar da Saƙonsu

Tohon jijiya da amfaninsa

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana rayuwa ne da iskar oksijin da abincin da jini ke kawo mata. Iskar ba ta iya ratsa nama ta yi nisa, da ƙyar take wuce milimita 0.2 daga jijiyar da ta fito. Shi ya sa kusan kowace ƙwaya a jiki take da ƙaramar jijiyar jini a kusa da ita. Duk inda nama ya ƙaru, ko ya lalace yana bukatar gyara, dole sababbin jijiyoyi su tsiro daga jikin tsofaffi su bi shi. Wannan shi ake kira tohon jijiyoyin jini.

A jikin ɗan tayi da yaro mai tasowa, toho ba ya tsayawa. A jikin baligi kuwa jijiyoyi a kwance suke. Ƙwayoyin da suka lulluɓe bangon jijiya ta ciki, waɗanda za a kira ƙwayoyin shimfiɗa a wannan darasi, sukan yi watanni, har shekaru, ba su rabu biyu ba. Lokuta ƙalilan ake tada su: idan rauni zai warke, idan bangon mahaifa zai sabunta bayan al'ada, da lokacin da ake gina mabiyiya ga mai juna biyu. Duk wanda ya yi jinyar miki ya ga aikin da idonsa. Bayan 'yan kwanaki wani jan nama mai gudaji-gudaji yakan cike ramin, ana ɗan taɓa shi sai jini. Dubban ƙananan jijiyoyi sababbi ne suka ba shi wannan launi. Idan mikin ya rufe, tabon yakan fara da ɗan tudu da ja-ja, a hankali ya lafa, jan ya gushe, domin an rushe yawancin jijiyoyin bayan sun gama aikinsu.

Ke nan jiki yana da umarni iri biyu, na a tsiro da na a dakata, kuma furotin ne ke ɗauke da kowanne. Kwanciyar jijiyoyin baligi ta samu ne saboda furotin masu hanawa sun rinjayi masu izawa.

Makarɓi: ƙofar saƙo

Furotin babban sinadari ne, ba ya iya ratsa tantanin da ya kewaye ƙwayar halitta. Saƙonsa yana shiga ne ta hanyar makarɓi, wato wani furotin da ke kafe a cikin tantanin, kansa a waje, jelarsa a ciki. Tsarin ya yi kama da na gidan Bahaushe, inda baƙo ba ya zarce zaure. A nan zai yi sallama, yaro ya karɓi saƙo ya miƙa wa na gaba har ya isa turaka, kuma abin da za a aikata a cikin gida ya danganta da wanda ya yi sallamar da wanda ya amsa masa.

Idan furotin ya maƙale a kan makarɓi, siffar makarɓin takan sauya, jelarsa ta tada wani inzayim a ciki, wato furotin mai gudanar da aikin sinadarai, shi kuma ya tada na gaba, yawanci ta hanyar liƙa masa sinadarin fosfet. Haka saƙo ke tafiya daki-daki har ya kai cibiyar ƙwaya inda ƙwayoyin gado suke. Kowane makarɓi yana da furotin da suka dace da shi, kuma ƙwayar da ba ta da makarɓin wani furotin ba ta san ma ya zo ba, ko da ya cika jini.

Saƙon da ake hanawa

Babban mai iza toho shi ne VEGF, wanda Napoleone Ferrara ya tace kuma ya bayyana tsarinsa a 1989 a Amurka. Idan oksijin ya yi ƙaranci a wani wuri, wani furotin mai suna HIF yakan taru a cikin ƙwayoyin wurin ya sa su fitar da VEGF. Gano wannan hanya ta jin ƙarancin iska shi ya jawo wa Gregg Semenza da William Kaelin da Peter Ratcliffe lambar yabo ta Nobel a 2019.

VEGF yakan haɗa makarɓa biyu masu suna VEGFR2 wuri guda, jelolinsu su liƙa wa juna fosfet. Daga nan umarni uku ke fita zuwa ga ƙwayar shimfiɗa: ta rabu biyu, ta yi tafiya, kuma kada ta mutu. Ƙwayar takan kuma samar da iskar naitirik oksaid, wadda ke buɗa jijiya. Sai wasu inzayim masu suna MMP su yayyanka shimfiɗar kolajin da jijiyar ke zaune a kai, ƙwaya ɗaya ta shige gaba tana bin inda VEGF ya fi yawa, sauran suna hayayyafa a bayanta har su zama sabon bututu. Kowane furotin mai hanawa yana da matakin da yake tarewa a cikin wannan jeri.

Yadda aka gano masu hanawa

A 1971 Judah Folkman, likitan tiyata a asibitin yara na Boston, ya wallafa cewa ƙarin ciwon daji ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya jawo wa kansa jijiyoyin jini, don haka hana toho zai iya zama magani. An ɗauki shekaru kafin a tabbatar cewa jiki da kansa yana da irin wannan makami. A 1990 ɗakin binciken Noël Bouck na Jami'ar Northwestern da ke Shikago ya nuna cewa turombosfondin-1, ko TSP-1 a taƙaice, yana hana toho. Furotin ne da aka daɗe da sanin sa a cikin ƙwayoyin da ke daskarar da jini. A 1994 suka ƙara nuna cewa p53, ƙwayar gadon da ke kare jiki daga ciwon daji, tana ƙara yawan TSP-1, kuma idan ta lalace yawansa yakan faɗi.

A shekarar ta 1994 Michael O'Reilly, a ɗakin binciken Folkman, ya warware wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa likitocin tiyata kai: wani lokaci da zarar an cire babban ƙari, sai 'ya'yansa da suka ɓuya a wasu sassan jiki su taso gaba ɗaya. Ya dasa wa ɓeraye wani nau'in ciwon daji a ƙarƙashin fatar baya. Muddin ƙarin bayan yana nan, 'ya'yansa da suka yaɗu zuwa huhu ƙanana suke zama, babu jijiya. Da aka yanke shi, cikin makonni kaɗan huhun ya cika da ƙari masu jini. A fitsarin ɓerayen da ba a yi wa tiyata ba aka tace furotin da ke danne 'ya'yan ƙarin, aka sa masa suna anjiyostatin. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne, babban ƙari yana samar da masu izawa da masu hanawa duka. A kusa da shi masu izawa ke da rinjaye, amma ba sa daɗewa a cikin jini, masu hanawa kuwa suna daɗewa har su kai huhu. A 1997 wannan ɗakin bincike ya kuma gano endostatin.

Yawancin waɗannan furotin gutsattsari ne da ke ɓoye a cikin wasu manyan furotin masu wani aiki daban. Anjiyostatin yanki ne na filasminojin, mai narkar da gudan jini. Endostatin ƙarshen kolajin na 18 ne. Tumstatin, wanda ƙungiyar Raghu Kalluri ta bayyana a 2000, yanki ne na kolajin na 4, kuma inzayim MMP-9 ke ɓalle shi. Ma'ana, inzayim ɗin da ke fasa wa sabuwar jijiya hanya su ne kuma ke sakin abin da zai taka mata birki daga baya.

Hanya ta farko: umarnin mutuwa

Ƙwayoyin shimfiɗa na ƙananan jijiyoyi suna ɗauke da makarɓi mai suna CD36. Idan TSP-1 ya maƙale masa, CD36 yakan tada inzayim Fyn, saƙo ya bi ta p38 da inzayim kasfes, waɗanda aikinsu shi ne daddatsa kayan cikin ƙwaya. Ƙwayar sai ta tsuke, cibiyarta ta farfashe, ƙwayoyin share datti su haɗiye ta ba tare da kumburi ba. Wannan mutuwa ce bisa tsari, wadda jiki ke amfani da ita kullum don kawar da ƙwayoyin da ba a bukata. An bayyana wannan jeri a 2000.

Tambayar da ta rage ita ce, me ya hana TSP-1 rusa dukkan jijiyoyin jiki? An sami amsar a 2002. TSP-1 yana sa ƙwayar shimfiɗa ta fito da wani furotin mai suna FasL a bayanta, amma FasL ba ya kisa sai ya haɗu da makarɓinsa, Fas. Ƙwayar da ke kwance ba ta da Fas sai ɗan kaɗan. VEGF da ire-irensa ne ke sa ta fito da shi da yawa idan sun tada ta. Saboda haka ƙwayar da ta amsa kiran toho ita kaɗai ce saƙon mutuwa ke iya kamawa, tsofaffin jijiyoyi kuwa babu abin da ke samun su. Wani furotin mai ƙarfi da ke cikin ido, PEDF, wanda ɗakin binciken Bouck ya nuna aikinsa na hana toho a 1999, shi ma ta wannan hanya ta Fas yake bi.

Hanya ta biyu: toshe saƙon izawa daga ciki

TSP-1 yana da makarɓi na biyu, CD47, kuma ɗan kaɗan daga furotin ya isa ya tada shi. Masu bincike a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka sun nuna a 2006 cewa ta wannan makarɓi TSP-1 ke hana ƙwaya jin saƙon naitirik oksaid. Iskar takan tada wani inzayim mai samar da ɗan aike na ciki mai suna cGMP. CD47 yakan danne wannan inzayim, sai jijiya ta kasa buɗewa, ƙwaya ta kasa motsi. Haka kuma CD36 yana iya jawo wani inzayim mai suna SHP-1 zuwa kusa da VEGFR2, ya kankare fosfet ɗin da aka liƙa a jelarsa. VEGF yana nan a waje, yana kan makarɓinsa, amma saƙonsa bai kai ko'ina ba.

Hanya ta uku: kama abin da ƙwaya ke dafawa

Ƙwayar shimfiɗa ba ta tafiya sai ta kama shimfiɗar da ke ƙarƙashinta ta ja kanta. Makarɓan da take kamawa da su ana kiran su intagirin. Bayan riƙo, suna kuma sanar da ƙwaya cewa tana kan ƙasa mai kyau, ta ci gaba da rayuwa da girma. Wasu intagirin, kamar alfa-5-beta-1 da alfa-v-beta-3, sun fi yawa a kan jijiyoyi masu toho.

Endostatin yana maƙale wa alfa-5-beta-1, ya danne inzayim FAK da saƙonnin da ke bayansa, ƙwayar ta kasa tafiya. Tumstatin kuwa alfa-v-beta-3 yake kamawa, saƙonsa ya bi ta FAK da Akt zuwa mTOR, wanda shi ke ba da izinin ƙera sababbin furotin. Idan aka rufe mTOR, ƙwayar ba ta iya tara kayan da za ta rabu biyu, daga ƙarshe ta mutu. Gutsattsarin biyu duka daga kolajin suka fito, amma da yake makarɓansu sun bambanta, ɗaya tafiya yake hanawa, ɗaya hayayyafa. A 2003 aka nuna cewa ƙari ya fi saurin girma a jikin ɓerayen da ba sa iya samar da tumstatin, kuma da aka mayar musu da shi daidai yawan da ke cikin jinin lafiyayyen ɓera, girman ya ragu.

Anjiyostatin ya fi su wahalar bibiya domin yana kama makarɓa da dama. Daga ciki akwai inzayim mai ƙera makamashi na ATP da aka samu a bayan ƙwayoyin shimfiɗa a 1999, da wani furotin mai suna anjiyomotin da ke da hannu a tafiyar ƙwaya.

Hanya ta huɗu: makarɓi maras jela

Hanya ta ƙarshe ba ta aika wani saƙo, tare shi take yi a hanya. Ƙwayar gadon da ke ƙera wani makarɓin VEGF mai suna VEGFR1 tana iya ƙera guntunsa, kai kawai ba jela. Wannan guntu, mai suna sFlt-1, yana yawo a waje, ya kama VEGF da ɗan'uwansa PlGF kafin su kai ga makarɓa na ainihi.

Amfaninsa ya fi bayyana a ido. Tantanin gaban ido mai garai-garai, wanda haske ke ratsawa, dole ya zauna babu jijiyar jini ko ɗaya, alhali akwai VEGF a cikinsa. A 2006 aka tabbatar cewa sFlt-1 ne ke riƙe da shi, domin da aka danne shi a idon ɓera, jijiyoyi sun mamaye wurin. Masu binciken sun duba ayu, dabbar ruwa da aka sani tana da jijiyoyi a wannan tantani tun asali, suka tarar babu sFlt-1 a cikinsa, alhali na giwa, 'yar'uwarsa ta kusa, yana da shi. Ayun da aka bincika na ruwayen Amurka ne, dangin wanda ake samu a kogunan Kwara da Binuwai.

Idan daidaito ya ɓaci

A 1996 Douglas Hanahan da Folkman suka haɗa waɗannan bincike cikin ƙa'ida guda: toho yana farawa ne idan masu izawa suka rinjayi masu hanawa, ko don na farkon sun ƙaru, ko don na biyun sun ragu. Ƙari yakan yi duka biyun. Haka abin yake a idon mai ciwon suga da ya daɗe: ƙananan jijiyoyin tantanin bayan ido sukan toshe, iska ta yi ƙaranci, VEGF ya hau, PEDF ya sauka, sai raunanan jijiyoyi su tsiro suna zubar da jini a cikin ido har gani ya tafi.

Yawan masu hanawa shi ma cuta ne. A 2003 Ananth Karumanchi da abokan aikinsa a Boston suka nuna cewa a hawan jinin masu juna biyu, wanda ke kai wa ga jijjiga, mabiyiya tana zuba sFlt-1 fiye da kima a jinin uwa. Ko jijiyar da ke kwance tana bukatar ɗan VEGF don ta zauna lafiya, musamman matatun ƙoda. Idan sFlt-1 ya kwashe shi, jijiyoyi sukan tsuke, jini ya hau, ƙoda ta fara yoyon furotin. Abin da ma'aikaciyar awo ke nema ke nan idan ta ɗaura wa mai ciki ma'aunin jini a damtse, ta kuma tsoma 'yar takarda a fitsarinta ta duba ko launi ya sauya. Cutar tana bayyana bayan mako 20 na ciki, alamarta jini ya kai 140 bisa 90. Yawan sFlt-1 yakan fara hawa kimanin mako 5 kafin alamu su fito, ya kuma sauka cikin kwana 2 bayan mabiyiya ta fita, shi ya sa haihuwa ce ainihin maganinta. Jijjiga tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a arewacin Nijeriya.

Akwai kuma ciwon zuciyar masu jego, wanda likitoci suka daɗe suna ba da rahoton yawansa a Zariya da Kano. A 2007 masu bincike a Hanoba ta ƙasar Jamus suka nuna cewa wani inzayim yana iya yanka furolaktin, sinadarin kawo ruwan nono, ya fitar da guntu mai hana toho wanda ke lalata ƙananan jijiyoyin zuciya.

Daga bincike zuwa magani

A watan Mayu na 1998 jaridar New York Times ta buga labarin anjiyostatin da endostatin a shafinta na farko, jama'a suka ɗauka an gama da ciwon daji. Gwaji a jikin mutane ya nuna endostatin ba shi da illa sosai, amma bai rage ƙari kamar yadda ya yi a ɓeraye ba. Ƙasar Sin ta amince da wani nau'insa da aka gyara, Endostar, a 2005, don ciwon dajin huhu tare da sauran magunguna. Wahalar ita ce furotin irin waɗannan suna kama makarɓa da yawa, makarɓan kuma suna da wasu ayyuka. CD36, misali, shi ke shigar da kitse cikin ƙwaya, shi ne kuma jajayen ƙwayoyin jini masu ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ke maƙale wa a bangon jijiya.

Daga cikin magungunan da suka yi nasara akwai masu bin hanya ta huɗu, wato kama VEGF tun a waje. Amurka ta amince da Avastin a 2004 don ciwon dajin babban hanji. A 2011 ta amince da Eylea, wanda aka ƙera daga kawunan VEGFR1 da VEGFR2 don ya yi irin aikin sFlt-1, ana yin allurarsa a cikin ido don tsayar da munanan jijiyoyi. Illolin Avastin sun haɗa da hawan jini, furotin a fitsari da jinkirin warkewar rauni. Biyun farko su ne alamun hawan jinin masu juna biyu, domin dalilin ɗaya ne.

Auna fahimta

1. Me ya sa ƙari ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai da sababbin jijiyoyi?
2. A bayyana yadda Fas da FasL ke sa TSP-1 ya kashe sababbin jijiyoyi ya bar tsofaffi.
3. Mene ne bambancin aikin endostatin da na tumstatin, kuma daga ina bambancin ya samo asali?
4. Ta yaya sFlt-1 ke amfanar ido amma ya cutar da mai juna biyu?

A tuna

Furotin masu hana toho suna aiki ta hanyoyi huɗu: umarnin mutuwa ta CD36, toshe saƙon izawa ta CD47 da SHP-1, kama intagirin, da tare VEGF tun a waje. Ƙarancinsu yana buɗe wa ƙari da makanta hanya, yawansu yana kawo hawan jini da ciwon ƙoda. Duka biyun sukan fara ɓarna kafin mutum ya ji wani ciwo, don haka wajibi ne mai juna biyu ta riƙa zuwa awo ana duba jininta da fitsarinta, mai ciwon suga kuma a duba bayan idonsa aƙalla sau ɗaya a shekara.